Yadda Na Tona Asirin Kakata Mai Waina

Har yau in na ji ƙamshin ƙullun shinkafa ya faɗa cikin man gyaɗa mai zafi, sai in ga kaina a ƙofar gidanmu na Tudun Wada, ina tsugune kusa da tandar kakata, ina jiran wainar da gefenta ya ƙone, don ita ce rabona. Shekara uku ke nan ko huɗu kafin Turawa su miƙa mulki, ni kuwa ban wuce shekara tara ba. A gidan ana ce mini aku, kuma ba zan ce an zalunce ni ba.

Kaka, mahaifiyar babana, ita ce mai wainar unguwarmu. Tun kafin rana ta fito ake taruwa a gabanta: leburori, masinjoji, samarin da ke koyon aikin akawu a makarantar unguwar Kongo, da yaran da matan kulle ke aikowa da kwano. Mu Kirista ne, maƙwabtanmu kusan duk Musulmi, amma ban taɓa ganin wanda ya tambayi addinin waina ba. Da wannan tanda ta reni babana bayan rasuwar mijinta. Ko da ya zama malamin makaranta ya ce ta huta, cewa ta yi ranar da ta bar tanda, ranar za a haƙa mata kabari.

Kowace Talata takan yafa mayafi ta ce za ta gaida ƙanwarta a Tudun Jukun. Ni dai na yi mamakin wannan zumunci, don na san ba sa haɗuwa su rabu ba su yi cacar baki ba. Ashe wani ɗakin magani take zuwa can bayan gari. Wani tabo ne ja-ja ya fito mata a ƙasan kafaɗa, faɗin tafin hannu, ko an tsikare shi da tsinke ba ta ji. Kuturta ce, farkon kamu. A lokacin an fara kawo wata farar ƙwaya da ke kashe ciwon, malamin magani kuwa ya ce mata muddin tana sha ba za ta shafa wa kowa ba. Amma je ka gaya wa mai sayen abinci haka. Sunan ciwon kaɗai ya isa ya kashe wutar tanda, shi ya sa daga ita sai babana suka sani, har shekara uku.

Ni ban ji ba sai ranar da aka sallame ta. Ta shigo da rana tsaka, takarda a ƙulle a bakin zane, ta miƙa wa babana, ta hau taka rawa a tsakar gida, tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa. Babana ya karanta, ya cire tabarau ya share ido. Ina bayan randa ina ji, ba wanda ya tuna da ni.

To, a majami'armu akwai al'ada: ranar godiya bayan girbi, duk wanda Allah ya yi wa wani abu a shekarar sai ya miƙe gaban jama'a ya faɗa da bakinsa. Ranar ta kusa, babana kuma dattijo ne a majami'ar.

Ya ce, "Inna, wannan karon sai kin miƙe kin ba da shaida."

Kaka ta daina rawa. Ba ta iya karatu ba, amma duk abin da aka karanta a sujada yana kanta, kuma ta san inda za ta ciro shi in gardama ta tashi. Ta tuna masa kuturun nan da ya durƙusa gaban Almasihu, aka warkar da shi, aka kuma ja masa kunne kada ya gaya wa kowa, ya je dai ya nuna kansa ga firist, malamin haikali. Ta ce ita ma haka za ta yi, ta kai wa Fasto takardar ya gani, magana ta ƙare. Babana ya kawo mata kutare goma da aka warkar, ɗaya tak ya dawo yana yabo da babbar murya, har aka tambayi ina sauran taran. Ya ƙara da mai aljanun nan da aka ce ya koma gida ya ba danginsa labari. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kaka ta dube shi ta ce, "Shi mai aljanun, waina yake sayarwa?"

Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, godiyarta kuwa da tanda za ta yi. Ranar Asabar za ta toya waina ta sadaka, a kai kowane gida, ba sai an faɗi dalili ba. Da Asabar ta zo ta ɗora mini faranti a ka, ta kama kunnena ta ce, "In an ce sadakar mece ce, ki ce ta godiya ce. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya."

Abin da ta manta shi ne, a unguwarmu ba a karɓar sadaka a yi shiru. Sai an san dalili, don a san addu'ar da za a yi. Ta haihuwa daban, ta mamaci daban. Gida na farko na daure. Gida na biyu na ciji leɓe. Na uku gidan limamin unguwa ne, inda mahaifiyarsa take, tsohuwar da kowa ke kira Gwaggo. Tana zaune a tabarma, surukanta na daka. Ta karɓi wainar ta sassauta murya, ta ce ai ta gane, ta tunawa da kakanmu ce, ta shiga yi mini ta'aziyya. Nan na kasa. Muna cikin irin wannan murna a ce ana yi mana gaisuwar mutuwa?

Na ce, "Gwaggo, ba ta mutuwa ba ce. Kaka ce ta warke daga kuturta, har da takarda."

Taɓarya biyu suka tsaya a sama. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Magana kuwa zarar bunu ce. Zan gaya maka gaskiya tunda na tsufa: sauran gidajen ma na faɗa, don na ga an riga an ɓare, labarin kuma daɗi yake yi mini a baki.

Labarin ya riga ni isa gida. Na tarar da kwano uku an dawo da su, wainar ko taɓa ta ba a yi ba. Kaka tana zaune tana kallonsu. Ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Babana da ya so a faɗa wa duniya, shi ma ya ajiye maganar ba da shaida.

Ranar Litinin ta jiƙa rabin shinkafar da ta saba, ta hura wuta ta zauna. Rana ta fito, gabanta wayam. Masu wucewa suna gaishe ta daga tsallaken hanya, kowa da saurinsa. Samarin Kongo suka tsaya nesa suna duban takalmansu. Zubin farko ya huce a akushi. Ina gefe, na san ni na kashe wannan tanda.

Sai ga Gwaggo da sandarta, matar da na fi shekara ban gan ta a waje ba. Ta jawo turmi ta zauna, ta ce, "Ba ni da hannunki, ba da cokali ba." Kaka ta ɗauka ta miƙa mata. Gwaggo ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta lashe yatsa, sannan ta juya ga masu kallo.

Ta ce, "Shekara uku kuna ci tana da ciwon, ba abin da ya same ku sai ƙiba. Yau da Allah ya ba ta lafiya za ku gudu? Ina hankalinku?"

Wani cikin samarin ya fashe da dariya, ya matso ya miƙa kwano. Kafin hantsi ƙullun ya ƙare. Ba zan ce kowa ya dawo ba, akwai gidajen da har Kaka ta rasu ba su ƙara aikowa ba, kuma abin ya yi mata ciwo. Amma tanda ba ta mutu ba.

Bayan kamar sati uku, wata mata daga wajen Dutsen Abba ta yi sallama da azahar, tana riƙe da yarinya sa'ata. Ta ce ta ji labarin mai wainar da ta warke. A ɗakin Kaka ta ɗaga rigar yarinyar, ga tabon nan ja-ja a bayanta, wata shida tana ɓoyewa. Talatar da ta biyo baya Kaka ta sake yafa mayafi, wannan karon su uku suka tafi, kuma ba ta ce wa kowa gidan ƙanwarta za ta ba.

Da ta dawo na samu ƙarfin halin tambayarta ko kuturun nan da aka ce ya yi shiru ya yi shirun. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ina fa. Bakinsa irin naki ne." Ta zaɓo mini waina mai kyau, ba ƙonanniya ba.

Yanzu lasifika ke shelar warkarwa tun kafin mara lafiya ya miƙe, wasu kuma suna can ɗaki suna ɓoye ciwo har ya cinye su. Ni har yau ban raba gardamar Kaka da babana ba, kowannensu da gaskiyarsa. Abin da na sani shi ne, yarinyar nan ta Dutsen Abba mun tsufa tare, ita ta toya wainar bikin 'yata ta fari, da yatsunta goma cif.