Zoben da Harlan Pruitt Ya Shekara Hamsin Yana Nema

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a babbar rumfar Zangon Sweetgum daga 1964 zuwa bara, to a kan karan alkamar Harlan Pruitt ya durƙusa. Shi ne mijin yayata Orpha, kuma ni Velma na fi kowa sanin yadda aka yi ya zama mai kawo karan zango, don ba tsoron Allah ne ya jawo shi ba. Soyayyiyar kazar mahaifiyarmu ce ta fara jawo shi, sannan Orpha.

Mu 'yan cocin Methodist ne tun kaka da kakanni. Su suka sare dajin nan suka kafa rumfa, suka kewaye ta da tantuna, duk watan Agusta su zo su yi mako guda ana wa'azi da waƙa. Tantunan sun daɗe da komawa ɗakunan katako, wasu iyalan ma sun tare dindindin har wurin ya zama gari, amma har gobe tanti muke ce musu. Namu ne na goma sha bakwai. Su Harlan kuwa ko ƙofar coci ba sa kallo. Shekarar da suka yi aure ya biyo Orpha zango, ya daure kwana uku, sai ya fashe muna cikin cin abinci.

"Wa'azi sau uku a rana, ga sauro, ga munsharin Baba ta jikin katako? Ni kam daga bana na yi sallama da wurin nan."

"Sauka lafiya," na ce masa. "Dama tun da ka zo cinyar kaza ba ta isar mu."

Ranar Alhamis Orpha ta fito daga sujadar safe tana kuka, zoben aurenta ya ɓata. Na mahaifiyar Harlan ne, shi kaɗai marigayiyar ta bar masa. Kowa ya ce a cikin karan da ake shimfiɗawa a ƙasan rumfa ya faɗi. A lokacin tsoho Eustace Gaddy ne ke kawo karan, shi ke kwashewa in an tashi. Ya miƙa wa Harlan manjagara ya ce, "Riƙe, ɗana, ni bayana ya gaji." Kwana huɗu Harlan yana ɗibar kara yana kakkaɓewa a kan zanen gado, bai ga komai ba. Sai ya ce ƙila ya nutse cikin ƙasa, ƙafafun jama'a za su tono shi baɗi. Kafin kaka ya je ya gaya wa kwamitin zango shi zai riƙa kawo kara, ya ware eka biyu a gonarsa don alkama.

Kai, ina ma a ce kun ga ranar shimfiɗa! Tun daga kan gada za ka ji ƙarar a-kori-kurarsa, yara su zubar da takalma su bi ta da gudu. Ƙamshin sabon kara ya cika zango, ya haɗu da na kofi da hayaƙin itace. Harlan ba ya yarda da karan saye, wai akwai ƙaya, gwiwar tsofaffi ba za ta ɗauka ba. In an tashi kuma shi kaɗai zai tsaya ya kwashe da hannu. Abin da ya tsinta sai ya zuba a akwati, ranar buɗe zango ya ajiye a bencin baya kowa ya zo ya ɗauki nasa: tabarau, 'yan kunne, cokula, har haƙoran robar Coy Tolbert, su kam sau biyu.

Da farko a gindin bishiya yake zama in ana wa'azi. Daga baya ya dawo bencin ƙarshe, wai don ya ga inda abubuwa ke faɗuwa. Kafin a shekara goma yana benci na uku kusa da Orpha, yana waƙa da wata murya mai kauri da ba mu san yana da ita ba. In Fasto ya ce, "Harlan, ashe dai an shigo," sai ya ce, "Zobe nake nema, Fasto." Kowace shekara yakan ce wa Orpha, "Bana dai sai na samo shi." Ita kuma ta ce, "Allah ya sa, Harlan."

Da ciwon ajali ya kwantar da Orpha, wata rana da la'asar ta sa na ɗauko mata gwangwanin maɓallanta. Ta tona ƙasansa ta fito da shuɗin ƙyalle, ta kwance. Ga zobe.

"A gwangwanin fulawa na gan shi," ta ce, "watan Oktoba na shekarar da ya ɓata. Cire shi na yi zan kwaɓa burodi, na manta."

"Haba Yaya! Me ya hana ki faɗa?"

"Na nufi ƙofa zan kai masa, sai na hango shi yana shuka alkamar zango. Na ce bari ya gama shuka. Sai na ce bari a yi girbi. Velma, da na ba shi, da bai sake taka zango ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Wato ke kin yi ƙaryarki shekara hamsin kin more miji, ni za ki bar wa jidali?"

"Ki ba shi in lokaci ya yi."

"Wane lokaci?"

Sai ta rufe ido kamar mai barci. Haka take yi tun muna yara in an zo wanke-wanke. Bayan mako guda ta rasu.

Shekara biyu zoben nan yana cikin jakata. In na ba shi, na nuna masa matarsa ta yaudare shi. In na hana shi, zai mutu yana neman abin mahaifiyarsa. Ana haka sai aka ga gindin dirkokin rumfa ya fara ruɓewa saboda damshi. Masu kula da gine-ginen tarihi suka zo suka ce in muna son rumfar ta ƙara wata shekara ɗari, sai an ɗaga dirkokin an yi daɓen siminti. Ga shi rabinmu yanzu da sanda ko keken guragu muke shiga, ƙafar keken kuwa nutsewa take a kara. Da aka zo ƙuri'a ni ma na ɗaga hannu na amince, gwiwata ta san dalili, amma sai da na yi kuka a mota. Harlan bai yi musu ba. Kwana uku kawai ya roƙa kafin a zuba siminti.

Ya kwashe karan ƙarshe, ya ɗauko rariyar Orpha, tsoho ɗan shekara saba'in da biyar ya zauna dirshan yana tankaɗe ƙasa. Matan zango suka ga ba za su iya kallo ba, kowacce ta fito da tata rariyar. An samu maɓallan rigunan kakanni, an samu kan 'yar tsana, Nettie Tolbert ta tsinci abin wuyan mahaifiyarta ta zauna tana rusa kuka. Zobe dai shiru, tun da yana jakata.

Rana ta uku da tsakar rana na ce ko yau ko babu. Na ɗauki shebur na ce zan riƙa zuba masa ƙasa, na faki idonsa na saki zoben a ciki. Ya girgiza rariya, ya girgiza, ya tsaya. Ya ɗauko shi ya juya a tafin hannu. Sannan ya kai shi hanci.

"Velma, ƙasar zangon nan akwai tsafta. Shekara hamsin da uku ta riƙe zobe, har da goge shi da man goge baki."

Ni da shegen son tsafta! Da safen nan na dirje shi da man, don na ga ya dushe. Na ce, "Kai dai ka gode wa Allah ka yi shiru."

"A gwangwanin maɓallai yake, cikin shuɗin ƙyalle," ya ce. "Tun 1971 na gan shi, ina neman maɓallin wando."

Sai da na zauna a ƙasa. "To wahalar me ka riƙa sha duk shekarun nan?"

"In na ce na gani, kunya za ta kama ta. Kuma ni da na cika baki gaban Baba, da wane dalili zan ce ina zuwa?"

"Kwana ukun nan fa da ka tara mata suna shaƙar ƙura?"

"Ke nake jira. Na duba gwangwanin bayan jana'iza, babu. Na san yana wajenki. Ashe kin fi yayarki taurin kai."

Na so in rafka masa shebur ɗin, amma hawaye ya hana ni ganinsa sosai. Ya rarrafa zuwa inda benci na uku yake a da, gefen da Orpha ke zama, ya tona rami da yatsa, ya sa zoben, ya rufe, ya danna da tafin hannu.

"Na shekara hamsin ina gaya wa mutane yana nan," ya ce. "To yanzu yana nan."

Washegari aka zuba siminti.

Bana rumfar tana tsaye cak, kekuna suna shiga sumul, amma babu ƙamshin kara, kuma babu wanda ya cire takalmi. Harlan bai shuka alkama ba, don haka na ɗauka ba zai zo ba. Ranar buɗe zango ina zaune a benci na uku sai ga shi da sandarsa, ya sa farar riga.

"Mijin Yaya, bana kuma me aka zo nema?" na ce.

Bai kula ni ba. Ƙasa ya duba.

"Matsa can, Velma," ya ce. "Kin taka mata zobe."