Kunnen Bello da Kazar Ruwa

Duk makiyayin da ke tsakanin Ɗan Kassari da Sukukutane ya san Bello mai kunne. Shekara ashirin ina sayar masa da dusa a kasuwar Dogon Dutsi, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, kuma a haka nake ƙaunarsa.

Aikinsa da rani shi ne saurare. Tabkunan wajensu kacalla ta rufe su, ido ba ya gane ruwa ne a ciki ko laka, shanu masu ƙishi kuwa in suka afka laka ba duka ke fitowa ba. Don haka ba a kora garke sai Bello ya hau tudu da sassafe ya kasa kunne. Belbela ba ta dame shi ba, wai ita ko a busasshen fili sauka take. Kazar ruwa yake nema, baƙar nan mai jan ƙafa. In ji shi, in ɗaya ce take ƙyat-ƙyat, laka ce ta rage. In biyu suka haɗa murya, wannan na ƙara wannan na gurnani, to saniya za ta sha ta ƙoshi.

Bara rijiyar rugarsu ta rufta, shanu suka kwana biyu ba ruwan kirki. Bello ya hau tudun tabki, maza na ƙasa riƙe da garke suna jiransa. Ya juya kunnen dama, ya juya na hagu, shiru. Ashe kunnen ya daɗe da yin nauyi, bai gaya wa kowa ba.

Sai ga matarsa Ajuma ta hawo da ƙwaryar fura. Ta durƙusa, ta matso dab da shi.

"Malam, su biyu na, can kudu ga kacalla. Ba ka jiya ba?"

"Na jiya mana! Gwada ki nikai."

Ya miƙe ya nuna kudu da sanda. Shanu suka sha har maruƙa suka kwanta a bakin ruwa.

Da maza suka taso yi masa barka, sai ya ɗaga hannu, idonsa ya kawo ƙwalla yana dariya.

"Ku tai ku gaishe ta. Yau da kunnen Ajuma munka sha ruwa."