Istifanus Kafinta da Giyar da Bai Sha Ba

Dattawan majami'armu a Tudun Wada sun hana Istifanus kafinta cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, sun kuma sanar daga kan mumbari cewa mashayi ne. Mutumin nan ko kunun da ya kwana ba ya sha.

Istifanus ya fara neman abinci yana saurayi, lebura a reluwe. Daga baya ya koyi sassaƙa, aka yi masa baftisma, ya auri Priscilla. Bencinan da dattawan ke zama a kai suna yanke wa mutane hukunci, shi ya ƙera su, har yau ko ɗaya bai karye ba.

A cikin 1953 tafiyarsa ta sauya. Sai ya riƙa ɗaga ƙafa yana doka ta a ƙasa kamar soja a fareti. Ya ce wa Priscilla ji yake kamar auduga yake takawa, wani lokaci kuma zafi ya tsarga masa a ƙwauri kamar an soka masa ƙusa. Abin da ya fi muni yana faruwa ran Lahadi. Da an miƙe an ce a rufe ido a yi addu'a, sai ya yi tangaɗi ya kife a kan na gabansa.

Baba Tagwai, shugaban dattawa, bai wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba. Ya kira shi bayan sujada ya sunsuna bakinsa, bai ji komai ba.

"Kanumfari yake taunawa," in ji Baba Tagwai. "Na san dabararsu."

"Baba, a gidanmu ko tulun burukutu bai taɓa shiga ba," in ji Priscilla.

"'Yata, ai ba tulun ke shiga gida ba. Shi ke zuwa wurin tulun."

Priscilla ta lura cewa idan idonsa a buɗe yake ba ya faɗuwa. Ta ce masa, "Baban Comfort, ka bar idonka a buɗe. Allah yana jin masu kallo ma." Ya yi haka, ya tsaya ƙyam. Sai Baba Tagwai ya kama shi ido buɗe, aka ƙara masa laifin raina addu'a. Yadda shi Baba Tagwai ya gan shi alhali nasa idon a rufe yake, babu wanda ya tambaya.

A zaman da dattawa suka yi don hana shi Jibi har da Malam Kato, malamin asibiti. Duk unguwa ta san manyan mutanen da ke zagayawa ɗakinsa na baya ya yi musu allurar penisilin a ɓoye. Ya san irin wannan tafiyar sarai. Amma ya kafa ido a kan nasa takalmin, ya ɗaga hannu tare da saura.

Shekaru suka shuɗe. Mutane suka daina kawo aiki, don wa zai ba mashayi ƙofarsa? Harshen Istifanus ya fara nauyi, hannunsa na rawa, guduma ta gagare shi. Wata rana ya tsaya a bakin kasuwa yana shaida wa jama'a cewa duk jiragen ƙasan Zariya nasa ne, zai raba wa kowa tarago. Yara suka bi shi da dariya. A ranar ce Priscilla ta daina jiran dattawa, ta ja shi asibiti.

Likita ya tsayar da shi ya ce, "Haɗa ƙafafunka, rufe ido." Istifanus ya rufe, ya tafi luu, aka tare shi. Priscilla ta ji kamar an mare ta, don abin da take gani kowace Lahadi ke nan. Aka ɗebi jini. Likita ya ce tunjere ne, ciwon da ake ɗauka wajen neman mata, tun na ƙuruciya, ya kwanta shiru a jiki har ya ci laka, yanzu ya hau ƙwaƙwalwa. Ƙafar ba ta jin ƙasa, ido ne ke riƙe da shi. Ita ma aka yi mata allura, ta kuma gane dalilin ɓarin cikin da ta yi ta yi. Likita ya ce allura za ta tsayar da cutar, amma abin da ta cinye ya tafi. Da an kawo shi tun yana doka ƙafa, da hankalinsa na nan.

Ta kai wa Baba Tagwai labari. Ya gyara zama a kan bencin Istifanus ya ce, "Ashe laifin ma ya fi na giya."

"Baba, kafin baftismarsa ne. Ba ku kuka ce ruwan ya wanke komai ba?"

Baba Tagwai ya ce sai dattawa sun zauna. Har yanzu suna zaune.

Istifanus yana gida. Wasu ranakun ba ya gane 'yarsa Comfort, amma da ya ji ƙararrawar Lahadi sai ya nemi farar rigarsa, ya tambayi Priscilla ko yau za a ba shi Jibi.

Baba Tagwai, ka hau mumbarin da ka kira shi mashayi, ka faɗa da babbar murya cewa ba giya ba ce. Malam Kato, ka tsaya kusa da shi ka gaya wa jama'a me ya ɗaure maka baki. Sannan ku ɗauki gurasa da ƙoƙon nan ku kai masa gida a wannan Lahadin, tun yana iya gane abin da aka miƙa masa.