Darajar Da Ba Tawa Ba

Shekarun baya, lokacin da ko'ina ka waiga a Abuja gini ne ke tashi, ina raɓe a ɗakin abokina a Bwari ina neman aiki. Akanta na karanta, amma da daraja ta uku na fita, don rabin shekarata ta ƙarshe a asibiti na yi ta wajen jinyar mahaifiyata. Duk inda na kai takarduna, da sun ga sakamakon sai a ce in je za a neme ni.

Wata rana abokina ya ce wani kamfanin gine-gine na neman akanta, ya karɓi takarduna ya kai da kansa. Aka kira ni intabiyu. Na ari kwat ɗinsa, hannunta har ya rufe mini yatsu.

Muna zaune a layi sai ga 'yan sanda sun fito da wani matashi, ankwa a hannunsa. Na kusa da ni ya raɗa mini, "Satifiket ɗin bogi ya kawo." Na ce a raina, nawa dai ba kyau, amma nawa ne.

Da na shiga, shugabar sashen kuɗi, wata Hajiya mai tabarau, ta buɗe fayil ɗina ta ce, "Daraja ta biyu babba. Ma sha Allah."

Na leƙa kwafin da ke gabanta. Sunana ne, jami'ata ce, amma an canza darajar. Nan take na gane aikin abokina ne. In na yi shiru, ranar da aka bincika na shiga uku. In na yi magana, wataƙila yau ma a caji ofis zan kwana.

"Ranki ya daɗe," na ce, "wannan ba sakamakona ba ne. Daraja ta uku na samu. Ga takardar ta asali."

Ta haɗa takardun biyu ta duba. "Wa ya gyara?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Na ce wa?"

Na sunkuyar da kai, na ƙi ambatar sunansa. Ta ce in jira a waje.

Ban taɓa jin tsoro irin na zaman nan ba. Duk takun takalmin da na ji sai in ce ni aka zo ɗauka. Ba abin da nake tunani sai yadda labarin zai iske mahaifiyata.

Can ta fito ta ce, "Dokar kamfani ba ta ba ni damar ɗaukarka akanta da daraja ta uku ba. Amma akwai gurbin mai kula da sito a aikinmu na Abaji. Albashin ba yawa."

Na karɓa tun ba ta rufe baki ba.

Abokina kuwa, da na tuhume shi, cewa ya yi, "Taimakonka fa na yi!" Mun daɗe ba ma magana kafin muka shirya.

Daga siton nan na taka har na zama akanta. Idan na ba da labarin sai a ce na yi jarumta. Ina fa jarumta! Tsoro biyu ne suka tsare ni, na zaɓi wanda zai ƙare a wuni ɗaya.