Bayahuden Layinmu a Hanyar Katagum

Ana sallame sallar asuba muka ɗau hanya daga Azare zuwa Katagum, ɗaurin auren ɗan maƙwabcinmu. Mu huɗu ne a motar: ni, direba, wani dattijo Alhaji, sai mai shagon kayan gyaran babur na layinmu. Mutumin Kudu ne, ya tsufa a Azare, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Addinin Yahudu yake bi, duk Asabar shagonsa a rufe. Da bikin ya faɗo Asabar ɗin ma, da ba mu samu rakiyarsa ba.

Gero ya yi kyau hagu da dama, amma ramukan titi sun hana Alhaji gyangyaɗi. A Gadau muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya girma.

Gaba kaɗan, a wata kasuwar ƙauye, muka tarar an yi wa wani makiyayi zobe, wai ya saci akuya. Har an fasa masa baki. Direba ya ce mu wuce, ni ma abin da ke raina ke nan. Sai mutumin namu mai shago ya buɗe ƙofa ya fita, ya ratsa taron, ya tsaya a gaban makiyayin.

"Wa ya gan shi da ido?" ya tambaya.

Wani mai gora ya daka masa tsawa: "Kai baƙo, ina ruwanka?"

Kafin ya amsa Alhaji ya iso yana dogara sanda. "Ba baƙo ba ne, ɗan Azare ne. Ku kai maganar gaban mai gari."

Taron ya yi sanyi. Muka raka su har ƙofar mai gari, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce ya gani ba. Aka sallami bawan Allah.

A Katagum an cika mu da tarwaɗa. Mutumin namu ya ce Attaura ta hana su kifin da ba shi da ɓawo, don haka direba ya sadaukar da kansa ya cinye rabonsa.

A hanyar dawowa na tambayi mutumin namu ko bai ji tsoro ba a kasuwar nan. Ya ce ya ji, amma an koya musu kada su bi taro zuwa ga zalunci, kada kuma su zuba ido jinin maƙwabci na zuba. Ya ce kakannin addininsu sun yi zaman baƙunci a Masar, shi ya sa aka hore su da kare baƙo, da neman alherin ƙasar da suke ciki.

Mun shigo Azare da la'asar. Na tafi cin shinkafar biki, na dawo ina alfahari da garin da dattijonsa zai tsaya cikin fusatattu ya nuna mai wani addini ya ce: namu ne.