Allin da ke kan Bencin Zaharadeen

Muhammadu Lawal, kai ka garƙame ajin Malama Halimatussa'adiyya da kwaɗo, kai kuma ka bi majalisu kana cewa matattu take karantarwa. Na fara da sunanka don kada ka ce ba da kai nake ba. Ni ce Shatu mai ƙuli-ƙuli ta bakin tasha, a ƙauyenmu na gefen Roni. Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa mini ko kalma guda.

Bari mutane su ji wace ce matar nan. Kullum bayan azahar, in an tashi daga babbar makaranta, za ka gan ta da tsintsiya da butar ruwa ta nufi tsohon ɗakin taron gari da ke jikin makabarta. Nan take tara 'yan aji shida na sakandare, waɗanda karatu ya gagara a cikin cunkoso. 'Yan kaɗan take ɗauka. Ta ce in sun yi yawa ba za ta ji numfashin kowa ba. Musaddiƙ ɗan Gwiwa, mai in'ina, da aka yi wa dariya har ya daina buɗe baki, a ajinta ya fara miƙewa yana bayani. Bahijja da ta haihu ta dawo karatu, Malama ce ke goya mata jariri ita tana rubutu.

Tana da wata al'ada. Duk wanda bai zo ba, sai ta ajiye alli a wurin zamansa, ta gaishe shi da sunansa kamar yana nan. Allin ba ya tashi sai mai shi ya zo ya ɗauka da hannunsa. Yaran na jin kunyar a ce allinsu ya kwana, shi ya sa ba sa fashi.

Jikana Zaharadeen ɗan ajin ne. Daminar bara kududdufi ya cinye shi. A ranar da abin ya faru ya fara wani lissafi a kusurwar allo, aka tashi bai ƙarasa ba, ya ce sai gobe. Malama ba ta goge ba, ba ta kuma ɗauke allinsa ba. Ta ci gaba da gaishe shi. Ni kaina na je na tare ta.

"Malama, wannan wane irin abu ne? Yaron nan mun binne shi, ga kabarinsa can ana hangowa ta taga."

"Na sani, Iya. Dubi bencin baya."

Ƙanwarsa Mairo ce zaune, wadda tun ranar jana'iza ba a ƙara jin muryarta ba. Malama ta juya wajen bencin da ba kowa, ta ce, "Zaharadeen, ina wuni." Can sai Mairo ta amsa a hankali, "Lafiya lau." Daga wannan amsa yarinyar ta koma cin abinci, ta koma littafi. Bana ita ce za ta zauna jarrabawar fita.

Ke ce, Malama, kika maido mini da jikar da ta rage. Uwar marasa baki, ke ce ba kya ƙosawa da mai jinkirin ganewa.

To sai kaka ta yi, gyaɗar Muhammadu Lawal ta rasa wurin ajiya. Shi ne shugaban kwamitin gari, makullin ɗakin na hannunsa. Nan ya tuna Malama na kiran mamaci. Ya kore su, ya loda buhuna, ya sa kwaɗo. Na same shi a ƙofar gidansa na ce, "Alhaji, ka buɗe wa yaran nan, jarrabawa ta matso."

Ya ce, "Iya Shatu, ke ma kin shiga ajin ne? Ki kai wa jikan naki littafi makwancinsa mana."

Na ce, "Aljanun da suka hana yara zama, gyaɗarka ba su dame ta ba?" Ya shige gida.

Yanzu a gindin tsamiyar bayan makabarta Malama ke zama, iyaye kuwa sun tsorata, suna janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya.

Rannan da rana tsaka na leƙa ta tsagar taga. Ba motsin komai, ko kukan tsuntsu babu. Buhuna har rufi, amma bencin Zaharadeen babu komai a kansa, 'yan dako sun ƙi ɗora masa kaya. Allin na nan. Sai dai na san shi dogo, yanzu bai fi gaɓar yatsa ba. Na kira Mairo na ce ta duba mini allon, tunda ni ban iya karantawa ba. Ta daɗe da ido a tsagar.

"Iya, an ƙarasa lissafin."

"Daidai ne?"

"Daidai ne."

Tun daga nan ba ta sake cewa uffan ba. Littafinta na rufe a kan tabarma.

Ni musulma ce, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma makulli guda ne, kuma a aljihunka yake.

Malama Halimatussa'adiyya, na gode. Allah ya saka miki, ya sanyaya zuciyarki. Ku malaman Kazaure da Babura, ku zo gindin tsamiyar nan ku ga yadda ake riƙe yaro har ya gama.

Kai kuwa Muhammadu Lawal, ka fito gaban mai gari da makullin nan. Ka kwashe gyaɗarka, ka buɗe ɗakin, Malama ta shiga ta yi gaisuwarta ko Mairo ta sake amsawa kafin jarrabawa. Sannan ka tsaya a gaban allon ka gaya mana wa ya shiga, wa ya taɓa allin jikana. In yarinyar nan ta rasa jarrabawarta, kai za ka amsa, kuma ba zan bar ƙofar gidanka ba sai ka amsa.