Kaka Bawa da Maɓallin Saiti

Duk wanda ya taɓa gaida Kaka Bawa a unguwar Nima ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya auna mutum tukuna. Zai runtse ido ɗaya, ya miƙa hannu, ya ɗaga babban yatsa ya rufe fuskarka da shi, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Daga nan zan same ka. Lafiya lau, ina gajiya?" Haka yake yi wa mai koko, haka yake yi wa direban motar haya ta trotro, har liman bai tsira ba. Liman ya taɓa roƙonsa ya daina auna shi a gaban mutane. Kaka ya ce ya kwantar da hankalinsa, shi ba ya harbin abin da ya yi faɗi haka, don ko makaho ma ya same shi.

Ƙanen kakana ne na wajen uwa, ɗakinsa yana kallon namu a gidan hayar da muke. Ya ce a arewa shi maharbi ne, kuma shi ya naɗa kansa Sarkin Bakan Nima, tunda ba wanda ya fito takara. Bakansa yana rataye a saman ƙofa, tare da kwarin kibiyoyi na fatar akuya da gashinta ya kaɗe a gefe ɗaya. Kowace Juma'a sai ya shafa wa bakan man kaɗanya, abin da ya rage a tafin hannunsa shi ne rabon ƙafafunsa. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya harba kibiya ba. In ɓera ya gilma a tsakar gida, ƙafafu yake ɗagewa kan benci, ya ce kibiyarsa ba ta ƙananan kaya ba ce.

Ranar bakan ta zo ne ta dalilin Kawu Sule, ƙanen Mma, mahaifiyata. Dako yake yi a tashar motoci, sai buhun masara ya zamo daga saman mota ya sauka a bayansa. Ya warke, yana tafiya, amma ɗaukar kaya ta ƙare masa. Matarsa Azumi da 'yarsu Ladi suna can arewa suna jiran ya sami ɗaki ya aiko su taho. Sai ga shi yana kwana a barandarmu, Mma kuma ta fara tambayar ranar da motar arewa take tashi, don in komawa ce gara ya koma kafin damina. Kawu ya daina yi mana wasa. Ko tuwonsa ba ya cinyewa.

Ana cikin haka Ataa Kwei, wani tsoho ɗan kabilar Ga da Mma ke sayen rogo a wajensa, ya zo yana kukan gyazbi, dabbar nan mai kama da ƙaton ɓera da mutanen nan ke kira akrantiye. Ta cinye masa rabin gonarsa da ke can bayan Maamobi. Ya ce yana da bukka a gonar da fili a gefenta, zai ba duk wanda zai zauna ya tsare masa rogo. Ba ya son mai bindiga, saboda awakinsa da kuma 'yan sanda. Sharaɗinsa ɗaya ne: a kawo masa gyazbi matacce kafin wata ya mutu, in ba haka ba ya ba wani.

Kaka yana kan bencinsa yana jin su. Ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi, ya ce an gama, Sule zai yi. Kawu ya ce shi bai taɓa riƙe baka ba. Kaka ya ce wannan ma ya fi, ba wanda ya riga ya lalata shi.

Washegari aka jingina tsohuwar tabarma a bangon bayan gida, aka zana mata da'ira da gawayi. Kai, mun ga abu a makon nan. Kibiyar farko ta shige cikin faifan daddawar Mma. Wata ta huda zanen maƙwabciya a kan igiya. Kajin gidan suka yi ƙaura gaba ɗaya zuwa gidan baya, sai magariba suke dawowa. Saja Alhasan, maƙwabcinmu da ya yi yaƙin Bama, ya zo kallo, ya tsaya nan ya tsaya can, daga ƙarshe ya ɗauki kujerarsa ya ajiye ta daidai gaban tabarmar ya zauna. Ya ce ya duba ko'ina, nan ne kaɗai mutum yake da tabbacin kai wa gobe.

Kaka bai yi dariya ba. Ya ce wanda aka haifa maharbi idonsa ya ishe shi, amma wanda ya fara bayan gemu ya fito sai an ba shi aron ido. Wato wata 'yar alama da za a ɗaura a jikin bakan, sama da inda hannu yake riƙewa, mai harbi ya ɗora ta kan dabba ya saki. Shi yake kiranta saiti. Zaɓen wannan saitin shi ya hana gidanmu sakat.

Saja ne ya fara kawo nasa. Ya je wajen maƙerin gwangwani aka yanka masa wani abu mai haƙora uku, ɗaya na kusa, ɗaya na tsakiya, ɗaya na nesa, wai irin na bindigarsu ta soja. Ya yi ta bayani yana buga ƙafa. Kaka ya karɓa ya juya shi, ya ɗaga shi sama ya leƙa.

"Saja, gyazbin nan zama zai yi ya jira Sule ya zaɓi haƙori?"

"A Bama da irinsa muka yi aiki, Sarkin Baka."

"A Bama ku dubu ne kuke harbi, in kai ka kuskure na kusa da kai ya samu, ka dawo mana da labari. Ɗan koyo abu ɗaya ake ba shi ya kalla. In ka ba shi uku, sai ya kalli ukun ya manta da naman."

Saja ya miƙa hannu a mayar masa da kayansa. Kaka ya riga ya zura shi a aljihu. Har ya bar duniya da shi yake taje gemu, kuma yakan ce a duk abin da soja suka ƙirƙira wannan ne kaɗai ya ga amfaninsa.

Aka gwada jan zare, Kaka ya ce da asuba ba a ganin ja, baƙi yake komawa. Aka gwada farin wuri, ya ce ya yi girma, zai rufe gyazbin da 'ya'yansa. Mma ta ce a je kasuwa a sayo ƙwayar dutsen wuya fara. Kaka ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa sayen abin da ya fi ƙwayar gyaɗa ƙanƙanta ba, irin waɗannan abubuwa tsinta ake yi.

Da safe na ɗauko rigar makarantata daga igiya, sai na ga maɓallin wuya babu. Ba tsinkewa ya yi ba, an yanke zaren ne tsaf da wuƙa. Na leƙa bayan gida, ga shi can fari tas a jikin bakan, an ɗaure shi da zaren lilo. Na tsaya a gaban Kaka da rigar a hannu. Shi ya fara magana.

"Tsintarsa na yi, Hajara."

Na ce a hankali ai a jikin rigata yake.

"To, a jikin rigarki na tsince shi. Guda nawa ne a rigar? Kin taɓa ganin mutum ya mutu don ya rasa na wuya?"

Da allurar ƙulli a wuyan rigar na tafi makaranta ranar, malama ta sa ni sharar aji. Da na faɗa masa, ya ce shara tana ƙarfafa kafaɗa, in na girma zan iya jan baka.

Maɓallin ya yi aiki, amma rabi. Kibiyoyin Kawu suka daina yawo, suka koma taruwa wuri ɗaya, sai dai wurin yana can gefen tabarmar, nesa da da'irar da kamu guda. Kaka ya matsa maɓallin sama, ya matsa shi ƙasa, ya sake zare, duk a banza. Wata kuma yana ta ƙanƙancewa. Rannan na ji Kawu yana ce wa Mma ta bar wahalar da tsoho, ta tambayar masa motar kawai. Kaka ya ji, ya ƙi cin abincin rana, ya zauna yana ta kallon Kawu kamar bai taɓa ganinsa ba: yadda yake ɗaure wando, yadda yake korar ƙuda, yadda yake sosa ƙeya.

Can da la'asar Mma ta dawo da lemo, ta ba kowa ɗaya. Kawu yana tsaye yana kallon wani wuri. Kaka ya kira sunansa da ƙarfi, ya wurgo masa lemonsa kai tsaye fuska. Kawu ya cafke shi caraf. Da hagu.

Nan da nan ya mayar da lemon hannun dama, ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Kaka kuwa ya tashi yana rawa a tsakar gida, yana cewa ya kama ɓarawo. Ashe Kawu bahago aka haife shi. Mma ta tuna kakarsu ta riƙa ɗaure masa hannun da tsumma har ya koyi cin tuwo da miƙa abu da dama kamar kowa, shi kansa ya manta. Amma idon nan na hagu ba wanda ya ɗaure shi, shi yake jan ragama, Kawu kuwa yana ta runtse shi yana harbi da ɗayan. Ba wanda ya kawo wannan a ransa, don wa zai miƙa wa babban mutum baka ya ce ja da hagu?

Mma ta ɓata rai. Ta ce mutane za su yi magana, a ce ƙanenta yana neman abinci da hagu.

"Ci na ce ya yi da shi?" in ji Kaka. "Gyazbi surukinsa ne, da sai ya miƙa masa hannun dama?"

Ya kwance maɓallin ya mayar da shi ɗaya gefen bakan, ya sa Kawu ya juya tsayuwa. Sannan ya dubi Saja da ke kan kujerarsa a gaban tabarma, ya ce, "Saja, yau kam tashi." Saja ya tashi yana gunaguni. Kibiyar ta shiga cikin da'irar gawayi har sai da ƙasar bango ta zubo. Ta biyu ta bi ta. Mma ta yi guɗa ba ta san ta yi ba. Kawu ya tsaya yana kallon hannunsa na hagu, bakinsa a buɗe. Kaka ya zo kusa da shi, muna zaton rungume shi zai yi, sai ya ce a ba shi lemonsa, aro ne.

Daga nan aka shiga dokokin daji. Ba wanka da sabulu, ba cin albasa, ba shafa mai, wai hancin gyazbi ya fi na 'yan kwastan. Mma ta jure kwana biyu, sannan ta mayar da tabarmar Kawu can kusa da ƙofar gida. Babbar doka kuwa ita ce shiru. Kaka ya yi ta wa'azin shiru tun daga safe har yamma, da ƙarfi, har maƙwabta suka roƙe shi ya fara nuna misali.

Saura kaɗan wata ya mutu suka tafi, bayan sallar asuba. Abin da ya faru a gonar iri biyu ne, ya danganta da wanda ka tambaya. Kawu ya ce sun laɓe a bayan kunyar rogo, gari ya fara haske, sai ga ƙaton gyazbi ya fito yana sauri, ba ya tsayawa, ya kasa ɗora masa maɓallin. Kaka kuma ya shaƙi garin tabarsa a ɓoye don ya kori barci, ta hau masa kai. Ya toshe hanci, ya cije leɓe, idanunsa suka kawo ruwa, sannan ya saki atishawar da awakin Ataa Kwei suka tsinke igiya. Gyazbin ya tsaya cak ya ɗaga kai don ya ga wane bala'i ne. Kawu ya saki kibiya.

Kaka kuwa cewa ya yi wannan tsohuwar dabara ce ta maharban arewa, ba kowa ake koya wa ba, kuma ya daɗe yana ajiye atishawar don wannan ranar.

Da tsakar rana muka jiyo ihun yara daga bakin titi. Ashe Ataa Kwei ya ga gyazbin, ya ba da bukka, ya ce su tafi da naman. Kaka ya ɗaure shi a sanda ya saɓa, ya ƙi bin gajeriyar hanya. Sai da ya ratsa kasuwar Maamobi, ya bi ta gaban masallaci, ya tsaya a kowane shago ana auna nauyin dabbar da hannu. Kawu yana biye da shi a baya riƙe da baka, yana dariya yana share ido da gefen riga. Da suka iso gida rana ta take, naman har ya fara neman canza wari. Mma ta dafa da barkono mai yawa. Kaka ya ƙi ci. Ya ce shi tun yana yaro ba ya cin ɓera.

Kafin ruwan farko Azumi da Ladi suka sauka a tasha. Kaka ya sa babbar rigarsa ya je tarbarsu, ya ɗauki Ladi a wuya tun daga can har Nima, yana haki, ya ƙi yarda kowa ya karɓe ta. Bai ga girbin rogon ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina, Kawu yana takowa daga gona kullum da yamma ya zauna a bakin tabarmarsa, har ranar da aka fito da shi.

Yanzu Ladi a gidanmu take kwana ranakun makaranta. Ni nake riƙe hannunta mu tsallake kwata da safe, ran Juma'a kuma uwarta ta zo da rogo ta tafi da ita gona. Allah ya jiƙan Kaka Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya tsaya har ya haɗa wannan iyali wuri ɗaya, Allah ya haɗa shi da nasa a Aljanna. Amin.